Rawayar da Aka Ce Na Ƙara

Litinin, 19 ga Agusta, bayan La'asar

Na dawo daga Shinkafi. Matata Lauratu ta ajiye min abinci, ta dawo ta ɗauke shi yadda ta ajiye. Zan rubuta abin da ya faru tun yana da ɗumi, don kada gobe zuciya ta ƙara masa gishiri.

Mako biyu da suka wuce Kawu Maigari, ƙanin mahaifiyata, ya kira ni daga Badarawa. Shi da manoma goma sha ɗaya sun sayi maganin feshin ciyawa a shagon Alhaji Alamin. Kwana huɗu da fesawa dawarsu ta koma rawaya kamar an kwara mata ruwan zafi. Alhaji ya ce sharri ne, ganye ne kawai ya ɗan yi laushi. Kwamitin dattawan manoma da 'yan kasuwa suka ce za su saurari maganar, amma babu wanda zai taka zuwa gonakin, kowa ya san yadda bayan gari yake yanzu. Suka ce a kawo hoto. Ni ne mai hoto a dangi, sai na je. Guda sittin da uku na ɗauka da rana tsaka, Kawu yana tsaye a bayana yana duban daji.

Yau aka zauna. Faruku ne ya riƙe kwamfuta. Shekara goma sha ɗaya ke nan muna shagon hoto ɗaya da shi a nan Kaura. Shi ya kai wa kwamitin hotunan a filashi ranar Alhamis da ya shiga kasuwa, wai don ya rage min hanya. Har godiya na yi masa.

Malam Magaji, shugaban zaman, ya ce masa, "Kai ma masanin abin ne. Hotunan ga, haka sunka fito daga kyamara, ko an taɓa su?"

Faruku bai dube ni ba. Ya buɗe hoto ɗaya, ya buɗo histogiram a gefensa, wato zanen tudun nan da manhaja take nuna yawan haske da duhun kowane launi da shi. Ya juya allon wajen dattawa, ya ce, "Ku duba nan. Tudun ja ya haye bangon dama ya yanke. Na shuɗi ya manne da bangon hagu. Hoton da ba a taɓa ba ba ya yin haka. An ƙara wa rawayar ƙarfi."

"Wa ya ƙara?"

"Ni dai ba ni na ɗauka ba."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Na miƙe, na matsa na leƙa allon da idona. Haka yake kuwa, ja a dama, shuɗi a hagu. Alhaji Alamin ya yi salati a hankali yana girgiza kai, kamar mai jin tausayina. Aka ɗaga zaman zuwa mako uku.

Ban taɓa hoton nan ba. Na rubuta a nan don in gani a rubuce.

Talata, 20 ga Agusta, hantsi

Faruku bai zo shago ba. Ban kira shi ba.

Laraba, 21 ga Agusta, bayan Azahar

Na nemi ɗanyun hotunan, na asali, waɗanda na kwafe daga kyamara ranar da na dawo daga gona. Da su ne zan wanke kaina, domin ɗanyen hoto ba ya ɓoye taɓi. Jakar da na sa wa suna Badarawa babu ita a kwamfutar shago. Kwandon shara na kwamfutar ma wayam, kuma mu ba masu share shi ba ne, sai ya cika ya hana mu aiki muke tunawa da shi.

Na duba katin kyamara. An goge shi. Hotunan wani bikin suna ne a ciki, na can Zurmi, garinsu Faruku. Shi ya ari kyamarar ranar Asabar. Mukan goge kati kafin kowane aiki, wannan ba sabon abu ba ne.

Ba sabon abu ba ne. Na faɗa wa kaina haka sau uku ina rufe shago.

Alhamis, 22 ga Agusta, bayan Magariba

Labari ya riga ni zuwa teburin mai shayi. Wani direban Gusau ya ce, "Namadi, in na zo fasfo ka ƙara min fari, an ce hannunka na da kyau." Aka yi dariya. Ni ma na yi, don ban san mi zan yi da fuskata ba.

Hajiya Sa'ida ta aiko a ce kada in zo walimar saukar ɗiyarta, sun samu wani. Shekara shida ina shiga gidan nan da kyamara.

Duk wannan da sauƙi. Kawu ne ya kira da yamma. Ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi Lauratu, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Ɗana, ni da kai ne. In ka ɗan gyara don ka taimake mu, gaya min. Ba zan yi fushi ba."

Na ce, "Kawu, kana tsaye na ɗauka. Ganyen ga da hannunka ka riƙe min shi."

Ya ce, "Na sani. Idona ya gani. Amma sun ce na'ura ta nuna, kuma abokinka ne ya faɗa. Shi mi zai ci da ƙarya?"



Juma'a, 23 ga Agusta, bayan masallaci

Ban kira shi ba. Shi ma Faruku bai kira ba.

Lahadi, 25 ga Agusta, hantsi

Wannan kam sai na rubuta.

Ina gyaran hoton wata amarya ce, ta sa leshi ruwan ɗorawa mai ƙyalli. Histogiram lafiya lau, tudu uku suna zaune a tsakiya, babu wanda ya taɓa bango. Na gama, na zo zan juya hoton zuwa sRGB yadda muke yi in za a tura wa mutane a waya. Ina dannawa sai ja ya zabura ya haye bangon dama, shuɗi ya faɗa hagu. Daidai abin da na gani a Shinkafi. Ban taɓa launi ba ko kaɗan. Furofayil kawai na canza, wato ma'aunin launin da ake ɗora hoto a kai.

Na zauna ina kallon allon kamar yau na fara aiki. Ai na san wannan. Kyamarata a kan faffaɗan furofayil take ɗauka, mai iya riƙe launi mai zafi. sRGB matsattse ne, rawaya mai ƙarfi ba ta samun wurin zama a cikinsa, sai ta taru a baki. Histogiram kuwa ba hoton yake aunawa tsirara ba, lambobin da ke cikin furofayil ɗin da aka ba shi yake ƙirgawa. Ranar Litinin kunya ce ta toshe min kai har na manta abin da hannuna ke yi kullum.

Sai kuma na tuna wanda ya koya min.

Shekara bakwai ke nan. Mun kai hotunan wani biki Gusau aka buga, suka dawo a koɗe, jan atamfa ya koma kamar ƙasa. Na ce injin ɗinsu ne. Faruku ya kwana biyu yana karatu a waya, rana ta uku ya jawo ni gaban kwamfuta yana murna kamar ya tsinci zinari. Ya buɗe hoto ɗaya a furofayil biyu, ya nuna min tudun yana tsalle. Ya ce, "Mutumina, kada ka ƙara yarda da histogiram sai ka tambaye shi da wane kwano ya auna."

Shi ya faɗa. Da bakinsa.

Lahadi, bayan La'asar

Na gaya wa Lauratu. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Baban Salima, wataƙila ya manta. Kai ma ai ka manta."

Na ce, "Ni ana tuhumata na manta. Shi yana zaune da filashi kwana huɗu."

Can ta ce, "Shi ya yi wa Salima huɗuba fa."

Na ce na sani. Na fita.

Talata, 27 ga Agusta, bayan Azahar

Na ɗauko waya sau biyu na ajiye. Irin wannan magana ba ta waya ba ce. Gobe in motoci sun taru zan bi su Zurmi.

Laraba, 28 ga Agusta, bayan Magariba

Na je, na dawo lafiya. Ban sami Faruku ba, mahaifiyarsa na samu, Inna Ladidi. Tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafar nan da ke damunta. Da ta ji muryata sai ta hau faɗa, wai na yi watsi da ita tun Sallah. Ta sa aka dama min fura da nono mai yawa yadda ta san ina so. Lokacin da muke koyon aiki, wata takwas na yi ina kwana a zauren gidan nan, ba ta taɓa bambanta kwanona da nasa ba.

Na ce, "Inna, ina Faruku?"

Ta ce, "Shina can bakin tasha wajen masu fenti. Au, bai gaya maka ba? Kai, yaron ga da zurfin ciki! Alhaji Alamin na Shinkafi ya ba shi shago a sabon gininsa na nan, har da sabuwar kwamfuta. Allah Ya amshi addu'ata, ɗana. Duk ranar da ya hau hanyar Kaura ba ni iya haɗiye ruwa sai na ji ya sauka. Yanzu ga shi kusa da ni."

Na ce, "Allah Ya sanya alheri."

Ta ce, "Amin. Ku dai riƙe zumuncinku. Irin naku ya yi wuya yanzu."

Na shanye furar duka don kada ta tambaye ni. Da zan shiga mota na hango shagon. An yi masa fenti kore, ba a rubuta suna ba tukuna. Wani yana tsaye a ƙofa ya juya baya, hula a karkace yadda Faruku ya saba. Mota ta cika, muka tashi.

Alhamis, 29 ga Agusta, da safe

Ban yi niyyar rubuta komai yau ba.

Asabar, 31 ga Agusta, bayan La'asar

Na goge teburin Faruku. Kofinsa na nan, da cajarsa, da tsohuwar rigar da yake goge gilashin kyamara da ita. Na zuba su a kwali na tura ƙarƙashin benci. Bayan awa ɗaya na fito da su na mayar inda suke. Ban san dalili ba.

Abin da ke cina shi ne, da ya zo ya ce min, Namadi, Inna ba lafiya, an yi min tayin shago, ga abin da ake so in yi, da mun zauna mun nemi wata hanya. Da na raka shi Zurmi da kaina na taya shi ɗaukar kaya. Amma ya karɓi filashi a hannuna, ya ce in huta.

Talata, 3 ga Satumba, hantsi

Na kira Kawu na yi masa bayani. Bai gane furofayil ba, sai na ce masa, "Kawu, in ka cika babban kwano da gero ka juye a ƙarami, mi zai faru?"

Ya ce, "Zuba zai yi ta baki."

"Wani ya ƙara geron?"

Ya ce, "A'a. Kwanon anka canza." Sai na ji ya ja numfashi. Ya ce ganyen duk ya bushe ya zama ruwan ƙasa, babu sauran rawayar da za a sake ɗauka. Wasu sun fara tuge dawar suna saka wake, ko Allah zai sa a samu na tuwo. Gonakin nesa kuwa shekara uku ke nan babu mai zuwa. Wannan ta kusa ita ce duk abin da suke da shi.

Na ce kada ya damu da ganye. Ya dai zo ranar Litinin.

Lahadi, 8 ga Satumba, bayan Azahar

Na gwada sau goma sha biyu da abubuwa daban-daban. Jarka, lemo, gyalen Lauratu. Duk mai rawaya mai zafi haka yake yi. Na caja kyamara, na ari kwamfutar tafi-da-gidanka. Lauratu ta ce, "In sun tambaye ka game da Faruku fa?" Na ce ba za su tambaya ba.

Litinin, 9 ga Satumba, bayan Magariba

Sun tambaya.

Amma bari in fara daga farko. Zauren ya fi na wancan karon cika. Faruku yana zaune a gefen Alhaji, da sabuwar shadda. Mun gaisa kamar waɗanda suka haɗu a layin asibiti.

Na roƙi Malam Magaji ya fita da kansa ya samo kowane abu mai rawaya. Ya dube ni kamar zai ƙi, sai ya tashi. Ya dawo da furen kabewa daga dangar maƙwabta. Na ce ya riƙe shi a rana a bakin ƙofa. Na ɗauka gaban kowa, na zare kati, na miƙa wa wani dattijo ya sa a kwamfuta da hannunsa.

Na buɗe hoton yadda kyamara ta ba da shi. Tudu uku a zaune, babu mai taɓa bango. Na ce, "Malam, kun ga na ƙara wani abu?" Ya ce a'a. Na ce to ku duba. Na juya shi zuwa sRGB. Ja ya haye dama, shuɗi ya faɗa hagu. Zauren ya ɗauki guna-guni. Kawu ya miƙe ba tare da an ba shi izini ba, ya yi musu bayanin kwano biyu da gero, ya fi ni iya faɗa.

Sannan na ce a kawo filashin da ke hannun kwamiti. Na buɗe bayanin hoton, ga shi a rubuce, sRGB. Na nuna musu saitin kyamarata, faffaɗa ne. Na ce, "Hotunan ga an juye su bayan sun bar hannuna. Kuma juyewar rage rawayar ta yi, ba ƙara ta ba. Abin da ke gona ya fi wanda kuka gani muni."

Malam Magaji ya juya. "Faruku, wa ya juye?"

Ya ce, "Ni ne, Malam. Don su buɗu a kowace kwamfuta na yi. Ban san zai canza histogiram ba. Yau na koya. Ina neman afuwa."

Muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Wani dattijo ya ce madalla da yaro mai karɓar kuskure. Wani ya ce ilimi kogi ne. Sai Malam ya dube ni. Mutum ne mai lura, ina jin ya ga wani abu a fuskata. Ya ce, "Namadi, kai ka zauna da shi. Haka ne? Bai sani ba?"

A karo na farko cikin mako uku Faruku ya dube ni ido cikin ido. Ina da ranar, ina da bikin, ina da maganar kwano da ya faɗa kalma da kalma. Sai ƙafar Inna Ladidi ta faɗo min a rai, a miƙe kan tabarma.

Na ce, "Malam, shi ya san abin da ya sani."

Malam ya daɗe yana kallona, sannan ya ce to. Suka yanke cewa hotunan sahihai ne, a janye maganar da aka yi a kaina. Alhaji ya kwashe sauran maganin daga shago, a kai kwalba biyu wajen malaman gona su gwada. Alhaji ya ce ya yarda don a zauna lafiya, amma shi bai amsa laifin komai ba. Aka shafa fatiha.

A waje Kawu ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ya ce, "Na tambaye ka abin da bai kamata in tambaya ba." Na ce ya wuce. Dawar dai ba za ta dawo ba, mu duka mun sani.

Har yanzu ban san ko tausayi ne ya rufe min baki ko rashin ƙarfin hali ba.

Laraba, 11 ga Satumba, hantsi

Direban nan na Gusau ya zo fasfo. Bai yi wasan fari ba. Ni ma ban tuna masa ba.

Asabar, 14 ga Satumba, bayan La'asar

Faruku ya kira.

Na bar wayar ta yi ƙara har ta kusa yankewa, sannan na ɗauka. Ya yi sallama, na amsa. Na jira. Na ɗauka zai ce wani abu game da Shinkafi, ko game da jakar da ta ɓace, ko ya ce na gode, ko ya ce ka yafe ni. Ko ƙarya ce ma da na saurara.

Ya ce, "Mutumina, sabon allon nan yana nuna min komai da shuɗi-shuɗi. Ina da hotunan ɗaurin aure da za a karɓa gobe. Yaya ma muke saita shi?"

Muke.

Na rufe ido. Na tuna cewa amarya da angon nan ba su yi min komai ba. Na ce ya shiga saitin allo, ya cire wanda kamfani ya sa, ya rage haske zuwa rabi. Na ce ya duba wane furofayil kwamfuta ta ɗora wa allon, ya tabbata manhajar tana aiki da shi. Na ce ya buɗe hoton da yake da farar riga ya gani. Ina jin ƙarar dannawarsa. Mun yi kusan minti goma, muryata daidai, kamar muna zaune a benci ɗaya.

Ya ce, "Yauwa, ya dawo daidai. Fari ya zama fari."

Na ce, "To. Kayanka na nan a shago, zan ba direba ya kawo maka. Ka gaishe da Inna, ka ce mata aiki ne ya riƙe ni. Daga yau kuma in allonka ya ɓaci, ka nemi wani."

Ina jin hayaniyar tashar Zurmi a bayansa.

Ya ce, "Shi ke nan, Namadi?"

Na ce, "Shi ke nan."